Tabon Kaskon Mazarƙwaila

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga Disamba 1963, ina zaune a ofishin hakimi a Ikara, wani mai keke ya iso daga Kudan da labarin cewa Allah ya yi wa Uwaisu mai mazarƙwaila rasuwa da hantsi, bayan jinyar kwana huɗu. Uwaisu taubashina ne, ɗan kawuna Tukur, kuma a gida ɗaya muka tashi.

Uwaisu, na san an saba yabon mamaci, kuma zan yabe ka. Amma bari in fara da gaskiyar da na kasa faɗa maka kana raye: shekara goma sha biyar na yi ina jin kishinka.

Ka tuna lokacin da Kawu ya sa mu a aikin rake a fadama. Doki yana zagaya injin matsa, ruwan rake yana zuba, mu kuma muna bakin kasko muna kwashe kumfa. Kawu yakan ce hannu naka ne, kunne nawa, domin daga ƙarar tafasa kawai nake gane ruwa ya yi kaurin da za a sauke. Ranar da kasko ya goce mana, tafasasshen ruwan ya fallatsar mana a hannun dama mu biyu, ya bar mana tabo iri ɗaya. Kai ka riƙa nuna naka kana dariya. Ni kuwa da na gama makaranta na samu aikin malanta, sai na sayi kwat mai dogon hannu na rufe nawa, na mai da sunana Malam D. A. Kudan, don kada wani ya ji ƙanshin hayaƙi a jikina.

Wata rana ka zo ofis da mazarƙwaila a ƙunshe cikin ganye, ka tsaya a bakin ƙofa ka ƙwala kira, "Ɗan'azumi!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce wa abokan aikina wani mutumin ƙauyenmu ne. Ka ji sarai, amma sai ka rusuna da tsokana irin ta taubasai, ka ce, "Ranka ya daɗe, kwat ɗin nan ba ta dafa ka a zafin nan?" Kowa ya fashe da dariya. Kafin ka tafi, mutanen da na yi shekara uku ina neman su saki jiki da ni sun ja ka hira kamar tare kuka tashi. Daga ranar, in na dawo daga gida, ba lafiyata suke fara tambaya ba, sai su ce ina Uwaisu. Wallahi abin ya ci mini rai.

Alherinka ma haushi ya riƙa ba ni. Shekarar da dokin Irmiya, maƙwabcinmu a fadama, ya mutu ana tsakiyar matsa, ka ba shi naka kwana tara, rakenka yana jira. Tsofaffin unguwa sun san ba ka wanke kasko sai sun zo sun kankare abin da ya kama a gindinsa. A kasuwar Makarfi ba ka taɓa ɓoye mazarƙwailar da ta ƙone a ƙasan kwando ba, a sama kake ɗora ta. Ni ina koyon tafiyar wasu da maganar wasu, kai kana nan Uwaisunka, kuma kai ake so.

Har a jana'izarka kishin bai sake ni ba. Na ga jama'a daga Makarfi, daga Furana, daga ƙauyukan da ban san ka taɓa zuwa ba, na tambayi kaina mutum nawa za su zo tawa, kuma da wane suna za su kira ni. Allah ya yafe mini wannan tunani.

Da aka zo wanka, liman ya ce ni ne makusanci, in shiga. Ba a wankan gawa da kwat. Na tuɓe ta, na naɗe hannun riga. Da na ɗaga hannunka na dama, sai ga tabonka kusa da nawa. A nan na yi kukan da ban yi ba tun da labari ya same ni.

Bayan sadakar uku, mai ɗakinka Lantana ta aiko a kira ni. Daga bayan labule ta ce, "Yaya, raken da ya sare kafin ya kwanta yana nan a jibge, in ya ƙara kwana biyu zai yi tsami. Masu matsa suna nan, mai saukewa ne babu. Shi kuwa kullum cewa yake, duk Kudan ba mai kunnenka."

Ban taɓa sanin kana faɗar haka ba. Na tafi fadama ina tsoron kunnen nan ya mutu a ofis. Kasko na farko na ƙona shi. A na biyu na rufe ido na saurara, har na ji tafasar ta yi nauyi kamar yadda na sani, na ce a sauke. Mazarƙwailar ta kwanta a kwanoni ja wur. Irmiya ya gutsura ya ɗanɗana, ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, Ɗan'azumi."

Kwat ɗin tana rataye a ƙusa a zaurenka. Na koma ofis ranar Litinin da hannun riga a naɗe.

Ya Allah ka jiƙan Uwaisu, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kawu Tukur, da Lantana, da 'ya'yansa Mairama da Ashafa, da dukan mutanen Kudan. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa mu cika da imani.

Ni ne taubashinka, Ɗan'azumi mai mazarƙwaila.