Turamen da Suka Yi Ƙaura Don Inna Shatu

Shekara ashirin da shida ke nan, lokacin da mutanen Sae Sabuwa ke fita gona, lokacin Inna Shatu ungozoma ke dawowa daga gidan likita, ido jajir. Kwana uku aikin dare, kwana uku na rana, haka aka yi ta juya ta kamar waina a tanda.

Da ta shimfiɗa tabarma sai sallama. To, wa ke korar mai gaisuwa? Wannan ta kawo goron suna, waccan ta kawo jariri a duba cibiya. Ga maƙwabta na surfe, lugude har tsakiyar kanta. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba.

Jiki kuwa ba a yi masa wayo. Ciwon kai ya zo, jiri ya biyo baya. Wata safiya, bayan ta karɓi haihuwa uku, ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar gida.

"Hawan jini ne, Inna," in ji likita. "In ba ki samu barci ba, faɗuwa ta gaba ba lalle ki tashi ba."

"To matan fa, wa zai karɓi haihuwarsu?" in ji Inna. Bayan sati guda ta koma aiki.

Zulai maƙwabciyarta, wadda Inna ta kwana a kanta ranar naƙudar tagwaye, ta bi unguwa gida-gida. Da Inna ta dawo washegari, ta iske ko'ina tsit.

"Zulai, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Inna. Turamenmu muka kai gindin gawo, bayan gari. Shiga ki kwanta, ni zan amsa miki gaisuwa."

Wallahi, matar da jini ba ya firgita ta, ranar sai da ta yi hawaye. Ba ta farka ba sai azahar.

Inna Shatu, ke ce kika hana idonki barci don ƴaƴanmu su buɗe nasu. Uwar masu naƙuda, mun gode, Allah ya saka miki da Aljanna. Masu tasowa, ku ɗauki halinta. Wanda kuma ke da maƙwabci mai aikin dare, ya ɗauki na Zulai.

Bana Inna ta ajiye aiki, amma har yanzu ko amalanke ya gifta da dare sai ta zabura tana laluben takalmi, a zatonta mai naƙuda aka kawo. Turamen suna nan gindin gawo. Zulai ta ce ba za su dawo ba sai Inna ta rama barcinta.