Ƙahon da Na Busa Saboda 'Yar Maraɗi

Shekarun baya, shekarar da Sin ta karɓi gasar Olamfik, ina sarin takalma a kasuwar Zhanxi, amma zuciyata tana unguwar Xiaobei wajen wata 'yar Maraɗi mai sarin mayafai. Wata biyu ina gaishe ta, na kasa faɗa mata komai. Ga shi kayanta na tashi daga tashar jiragen ruwa ta Huangpu, za ta koma gida.

Wata safiya na jiyo badujala a lambun unguwarmu. Tsofaffin Sinawa ne ke gwajin bikin Olamfik na unguwa, suna busa wani tsohon kiɗan fareti da ko rediyo ba ta sa shi. Irinsa mahaifina ya busa a badujalar 'yan sanda, kuma shi ya koya min yufoniyam, ƙahon nan mai faɗin baki da ake rungumewa kamar jariri. Nasu yana ajiye a kan kujera. Na nuna shi, shugabansu ya ce "meyo", wato babu mai busa shi.

Na sure shi. Takardar kiɗansu lambobi ce zalla, ban gane komai ba, sai na bi kunnena na kama ainihin waƙar da ƙarfi, a raina ina hango 'yar Maraɗin cikin taro tana share hawaye. Tsohon nan shugabansu ya buga sandarsa. Ya nuna masu bigila ya ɗaga hannu sama, ya nuna ni ya yi ƙasa da shi. Aikina amshi ne mai taushi a ƙarƙashinsu.

Da na ba wani abokina labari ya ce, "Kai, ɗan amshi za ka kira ta ta kalla? Ka rufa wa kanka asiri."

Na dai kira ta. Ranar bikin, daidai inda kiɗan ke yin sanyi, na hango ta cikin shuɗin mayafi. Wallahi na manta da numfashi, na daina busawa! Kiɗan ya koma fayau, sai da tsohon ya harare ni na dawo.

Da muka tashi ta ce, "Malam, da farko na zaci rungume shi kawai kake. Sai da ka tsaya na ji kamar an zare wa kiɗan ƙashin baya."

Na ce, "Hajiya, haka garin nan zai zamar min in kin tafi."

Ta gyara mayafi tana dariya. "To ai sai ka zo Maraɗi ka faɗa wa Baba."

Na je. Ita ce uwar 'ya'yana yanzu. Har yau ina mamakin yadda shirun ƙiftawar ido ya faɗa mata abin da na yi wata biyu ina tsarawa a zuci.