Hannun Baba Iddi Wanzami

Ranar sunan ɗanta na fari, Safina baƙuwa ce a Zongon Lome, ba uwa ba dangi. Jariri na tsala ihu, ita ma tana hawaye a bakin ƙofa. Iddi wanzami ya ɗaga kai, ya juyo da yaron yadda za ta ga fuskarsa, ya ce ta zuba ido, ko ƙwarzane ba za a samu ba. Ba a samu ba kuwa.

Haka ya rayu, zabira a kafaɗa, daga Zongo har unguwar Hanoukopé, duk gidan da aka haihu shi ake kira. Ba shi da surutu, sai dai ya tsokani kakanni, wai jikan ya fi su suma.

Sai girma ya zo masa da baƙo. In yana zaune hannun dama ya riƙa rawa, kamar mai jan carbi, alhali babu carbi. Wasu suka ce sammu ne. 'Yarsa Hanane ta kai shi asibiti a Tokoin, ta dawo ta yi wa Safina bayani, rabi Hausa rabi Faransanci. Sunan ciwon Parkinson. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai 'yan ƙwayoyi baƙaƙe masu samar da sinadarin da ke sauƙaƙa wa jiki motsi. Wani abu ke dunƙulewa a cikinsu kamar gudajin koko, ƙarfinsu ya ƙare, su mutu ɗaya bayan ɗaya. Kafin hannu ya nuna, da yawa sun tafi. Magani na rage wahalar, amma ba ya dawo da su.

Da fari, yana ɗaukar aska hannun sai ya natsu. Mutane suka ce ikon Allah, suka ci gaba da kiransa. Amma Safina, wadda tun rasuwar mijinta take zama gefe a taron suna, ta lura yatsun sun fara sandarewa, aska na cijewa a tsakiyar kai kafin ta wuce.

Ga shi an yi mata jika, gobe suna. Ɗanta Samir ya ce ai ba za a kunyata Baba Iddi ba, shi za a kira. Ta yi la'asar, ta ja mayafi, ta nufi gidan Baba Iddi, ta same shi a zaure yana wasa askarsa a jikin fata. Da ya dubi fuskarta, sai ya ajiye askar. Ya san abin da ya kawo ta, don shi ya ba ta ajiyar maganar tun shekarar da ciwon ya fara:

"Maman Samir, maza za su ji nauyina. Ranar da kika ga hannun nan bai cancanci kan jariri ba, don Allah ke ki faɗa mini."