Makin Katin Alhaji da Idon Alaramma

Cikin duk abin da ya same ni a zaman Masar, akwai guda ɗaya da ko tsufa ya cinye mini tunani ba na jin zai fita daga raina. A shekarar 2014 ne, ina shekarata ta huɗu ta karatu a Alƙahira, ko sau ɗaya ban leƙa gida ba.

A lokacin, in babu darasi, nakan yi wa 'yan kasuwarmu tafinta. Akwai wani Alhaji Bakano mai sarin jallabiya da abaya, wanda duk zuwansa ni nake raka shi kasuwa. Yana da wani baƙin katin banki irin na manyan attajirai, da shi yake biyan kaya da masauki. Duk sayayyar da ya yi da katin, bankin kan tara masa maki a matsayin tukuici. Wata rana muna cin abinci a unguwar Madinat Nasr ya ce da ni, "Ustazu, yaushe rabonka da tsohuwa?" Na ce shekara huɗu. Ya riƙe baki. "Makin katin nan ya taru, ya isa tikitin Kano zuwa da dawowa. Na ba ka halak malak. Hutun nan ka je ka gan ta."

Ranar da ƙyar na iya cin sauran abincin don murna.

To, akwai wani dattijo da nake ziyarta duk Juma'a a unguwar Arba wa Nus. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun taso daga ƙasar Hadeja da ƙafa za su Makka, tafiya ta tsaya musu a hanya. Alaramma ne, yana rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa. Wannan shi ne na bakwai da ya rubuta, kuma ya ce shi ne na ƙarshe. Saura izu biyar ya kammala. Ni aikina fiƙe masa alƙaluma da jera takardu.

Juma'ar da ta biyo bayan kyautar Alhaji, na duba shafin da ya rubuta, sai na ga jan wasali ya sauka a layin da ba nasa ba, tun daga sama har ƙasa. Na daɗe ina juya maganar kafin na ce, "Baba, a sake duba shafin nan." Ya kai shi dab da hancinsa, ya matsar, ya sake kawowa. Sannan ya ajiye a hankali. "Ɗana, wata biyu ke nan ina rubutu cikin hazo. Na ɗauka hannu zai riƙe abin da ido ya saki." Ya sa aka kawo ƙwarya, ya wanke shafin da kansa, ya kife alƙalumansa.

'Yarsa, wadda yake zaune a wurinta, ta bi ni bakin ƙofa ta ce likita ya ce yana ce ta rufe idon, aiki ne mai sauƙi, kuɗin ne babu. Ta ce in an ƙara jinkiri aikin zai yi wuya.

A cikin motar komawa na tuna Alhaji ya taɓa cewa ana iya mayar da makin kuɗi. Sai da na fara tuntuɓar malaminmu na fiƙihu, don kada in yi wa mai rubutun Alƙur'ani magani da abin da ke da shubuha. Ya tambaya ko Alhaji na jinkirta biya har ruwa ya hau kansa. Na ce a'a, duk wata yake biya cif. Ya ce to makin kyauta ce, a ci lafiya.

Daga nan na kira Umma. Na zayyana mata komai. Ta ce, "Ni ko ka zo ko ba ka zo ba, ina ganinka a zuciyata. Shi kuwa da me zai ga takardarsa? Amma ka sani na riga na daka maka yaji da kuka, maƙwabta ne za su mora." Ta yi dariya.

Alhaji ne ya fi ba ni wahala. "Kai Ustazu, ka san ciniki kuwa? In aka mayar da makin nan kuɗi, ko rabin kuɗin tikitin ba zai kai ba. An ba ka saniya, ka ce a musanya maka da akuya?"

"Ranka ya daɗe, akuyar ake bukata yanzu."

"To tsohuwa fa?"

"Ita ta ce in zo wurinka."

Ya harare ni, ya ɗauki waya ya kira bankin. Ma'aikaciyar ta maimaita masa har sau biyu cewa tafiya ta fi riba. Ya ce mata ta mayar kawai, makin na wani mai taurin kai ne. Kashegari ya ciro kuɗin ya miƙo mini yana girgiza kai.

Kuɗin da ya fito aikin ido ɗaya kawai ya isa. Na je da kunya na gaya wa Baba cewa wani bawan Allah ya ɗauki nauyin na dama kaɗai. Ya ce, "Halas, shi ke nan, ɗaya ya ishe ni. Izu biyar ne fa, ba sittin ba." Ranar da aka kwance masa bandeji ya ƙura mini ido ya ce, "Ashe gemun naka bai ma cika ba, kake yi mini gyaran wasali!"

Hutun nan abokan ɗakina suka watse gida, ni na zauna cikin zafin Alƙahira ina fiƙe alƙaluma. Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da in na ji ƙarar jirgi sai raina ya sosu. Sai bayan shekara biyu na ga Umma.

Wata huɗu bayan aikin idon, wata Juma'a da la'asar, Baba ya ɗiga wasalin ƙarshe. A ƙasan shafin ya ƙara layi biyu da ajami, ya miƙo mini. "Kai ɗan allo ne, karanta mini in ji ko hannu ya tafi daidai." Addu'a ce ga bawan Allahn da ya saya masa ido, da mahaifan da suka haife shi. Na karanta har ƙarshe. Har ya koma ga Mahaliccinsa ban gaya masa ko wane ne ba.

Na yi ciniki iri-iri a rayuwa, amma babu wanda nake alfahari da shi kamar wannan da kowa ya ce faɗuwa ce. Abin da na koya shi ne, darajar abu ba ta wuce bukatar da ya biya a lokacin da ake nemansa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya karɓa mana.