Turakun Jirgi a Fadamar Inna

Da damunar bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Lawali. Mutumin Gummi ne, garin da ko kukan jirgin ƙasa bai taɓa ji ba, amma ya ƙarar da ƙuruciyarsa a jami'a yana binciken abin da ke sa jirgi ya makara. Mutanen gari suka laƙaba masa Mai Jirgi, rabi wasa rabi ba'a. Innarmu kuwa ko wannan ba ta faɗa. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta yaba masa, in an ɗauko zancensa sai ta kau da kai. Idan ta matsu ƙwarai ta ce "wancan".

Ni ƙanwarsa ce, ina koyarwa a firamare a Bukkuyum, kuma ni ya fi damu da bayanin aikinsa. Layin dogo ɗaya ne, in ji shi, jirgi biyu ba sa wuce juna sai a tasha. In na Zariya ya makara, dole na Ƙauran Namoda ya tsaya ya jira shi, shi ma ya ja wa wani, haka jinkiri ke yaɗuwa kamar ƙyanda a gidan yara. Burinsa ya samo lissafin da za a duba a gaya wa fasinja tun da safe cewa jirginka sai la'asar, je ka nemi abinci. Ya sha zaman benci a tashoshi yana tambayar direbobi da masu tasha, har wandunansa suka ƙoƙe.

Wani Alhaji ne ke ɗaukar nauyin digirinsa na uku, ba zan ɓata tawada da sunansa ba. Shekarar da aka koma siyasa ya fito takara, ya rantse zai jawo jirgi daga Gusau ya ratsa Anka da Bukkuyum ya tsaya Gummi. Yaransa suka zo da turaku masu jan fenti suka kakkafa, layin ya raba fadamar Inna biyu. Aka ce kada wanda ya shuka komai kusa da turakun, katafila na tafe. Wannan fadama ita ce shinkafarmu ta shekara, tun rasuwar Baba ba mu da wata. Ruwa ya fara sauka, maƙwabta sun naɗe hannu suna jiran gawon shanu, Inna ta dubi irinta ta dubi turaku.

Sai Alhaji ya shirya taron siyasa a Anka, aka gayyaci Yaya a matsayin ɗan ƙasa masanin jirgi. Kowa ya san abin da ake so ya faɗa, ai wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Su kuwa manoma da tunani guda suka cika wurin: tunda yaron nan ya iya faɗin lokacin isowar jirgi, to ya faɗa musu ranar da nasu zai zo. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Ɗana, kai anka ce ka san lokacin jirgi. Wanga namu yaushe shika isowa? Mu shuka ko mu dakata?"

Yaya ya dubi Alhaji, ya dubi dattijon. Ya ce, "Baba, lissahina na jirgin da yat taso ne. In ya taso, ko ya makara ina iya gaya maka. Wanga bai taso ba, ko hanya ba a aza mashi ba. Ku tahi ku shuka."

Alhaji ya yi yaƙe, maroƙa suka yi maza suka rufe maganar da kirari. Washegari Yaya ya iso Gummi ya tuge turakun da hannunsa ya zube su a gida. Inna dai ta ɗauki ƙwaryar iri ta fita. Mun ci shinkafa a shekarar, waɗanda suka jira katafila suka ci ciyawa da ido. Kafin kaka Alhaji ya janye hannunsa, binciken da saura ƙiris ya tsaya cik. Yaya ya koma koyar da lissafi a sakandare. Bayan shekara biyu wata tirela ta bi ta kan motar da ya shiga a hanyar Anka, ɗauke da kayan da a ƙasar da ta san ciwon kanta jirgi ne zai ɗauka.

Alhajin ya zo ta'aziyya da jerin motoci, ya ce ƙasa ta yi rashin gwarzo. Ban taɓa ganin rashin kunya ta sha babbar riga irin ranar ba.

Nakan tambayi kaina, da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Kwanan baya na ji a rediyo an yi taron masana a wani otal kan hasashen jinkirin jirgi. Taron safe ne, aka buɗe bayan azahar don manyan baƙi sun makara, a mota. Cikin masu jawabi har da abokin karatunsa, wanda ya taɓa ce min yayanki yana da ƙwaƙwalwa amma bai iya zama da manya ba. Shi ya iya, ga shi yau farfesa, yana hasashen lokacin jirgi a kan dogon da ciyawa ta rufe. Na san Yaya ba zai yi fushi ba, dariya zai yi ya tambaye su wane jirgin. Ni ce ban da haƙurinsa, kuma ba na neman a koya min.

To me ya bari? Babu digiri, babu titi da sunansa, kuma ba ma bukata daga hannun waɗannan. Turakun suna nan a gida, fentin ya goge, awakin Inna ake ɗaurewa a jikinsu. Shi ne aikin kirki ɗaya da alkawarin Alhaji ya taɓa yi.

Bara da zaɓe ya matso, ina gida hutu, sai ga yaran wani sabon ɗan takara a fadama da turaku, wannan karon koren fenti. Inna ta dogara sandarta ta fita, na bi ta. Ta ce, "Mi kunka zo yi?" Suka ce hanyar jirgi ce, Inna, a dakata da shuka. Ta ce, "Ya taso?" Suka dubi juna.

Ta ce, "Lawali yac ce in bai taso ba, a shuka."

Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Na tsaya hawaye na zuba, ita kuwa ko kallona ba ta yi ba. Ta ce in koma gida in ɗauko mata ƙwaryar iri.