Matar da Muke Kira Dindindin

Kafin likitan safe ya iso, Inna mai wanki ta riga ta kwashe zannuwan gado daga ɗakin haihuwa, ta jiƙa su a baho a bayan asibitinmu. Kafin azahar igiyoyi sun cika fal.

Aikin wucin gadi aka ɗauke ta, tana goye da ɗanta na fari. Yau ɗan nan ya aurar da 'ya. Duk shugaban da ya zo sai ya ce, "Inna, bana za a mai da ke ta dindindin." Shi ya tafi, ita tana nan. Daga nan mu ungozomomi muka laƙaba mata Dindindin.

Wata rana muka yi gardama a kan kalmar. Mai ba da magani ya ce ɗaya take da dawwama. Na ce dawwama daga Larabci muka aro ta, kuma Allah ta fi dacewa da shi. Dindindin kuwa ana faɗinta ga abin da aka kafa ya zauna daram. Muka tambayi Inna. Ta matse zane ta ce, "'Ya'yan nan, ni dai a kunnena ƙarar bugun wanki ce, din, din, din. Ku matsa, kun tare mini rana."

Shekarar da amai da gudawa ya ɓarke, masu shara suka tsere, ita ta tsaya. Na kuma ga matar da jaririnta bai zo da rai ba. Inna ta wanke mata zanenta, ta ninke, don kada ta koma gida da tabon ranar.

Watan jiya aka kawo injin wanki, aka sallame ta. Ko taron ban kwana babu, wai ba a yi wa ɗan wucin gadi. Na je gaishe ta, na tarar yatsunta duk sun tsage, ba sa lanƙwasuwa. Ba ta yi ƙorafi ba. Cewa ta yi, "Wa ke dafa wa masu jego ruwan zafi yanzu?"

Babu kowa.

Inna, ke ce rufin asirin marasa lafiya. Mun gode, Allah ya saka miki da abin da mu muka kasa. Kai kuma mai karatu, ka riƙe aikinka kamar yadda ta riƙe nata. In akwai irinta a wurin aikinku, ka tsaya mata tun tana nan.