Zagayen Farko da Na Tsallake

Ni ne na yi kuskure, kuma na daɗe da sanin haka kafin in faɗa.

Ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Gyadi-Gyadi. A bayan kanta na ware wata tsohuwar kwamfuta don aikin sa-kai da nake yi wa wata ƙungiya mai raba manhajoji kyauta. Akwai manhaja guda da ke harhaɗa duk sauran. Idan wani ya yi mata gyara, sai a sa ta harhaɗa dukkansu, dubbai, a ga waɗanda za su ƙi haɗuwa. Ƙa'ida ita ce zagaye biyu: da manhajar yadda take kafin gyara, sannan da gyararriyar, sai a kwatanta.

A duk Kano mutum ɗaya na sani da ya damu da wannan aiki, wani malamin lissafi a Daurawa. Kullum bayan La'asar yakan zo ya zauna a bencina, ya ce, "Injiniya, tsohuwar kwamfutar nan taka ba ta mutu ba?"

Wata uku ya yi yana yi wa manhajar harhaɗawar wani gyara, ya ce ni zan gwada. Zagaye ɗaya kwana huɗu ne, ga zafi, ga ɗauke wuta. Na yi ƙiwa, na tsallake na farko. Manhajoji da dama suka ƙi haɗuwa, na rubuta wa ƙungiya cewa gyaransa ne ya ɓata su. Aka ƙi karɓa, wani ma ya yi masa ba'a a bainar jama'a.

Bai yi musu ba. "Tunda kai ka gwada, shi ke nan," ya ce. Daga nan ya daina zuwa.

Da shiru ya ishe ni, na yi zagayen da na tsallake. Su dai waɗannan manhajojin suka ƙi, ba tare da gyaransa ba. Dama can a lalace suke. Na zauna ina jin kukan fankar kwamfuta. Haka na yi sati shida ban gaya wa kowa ba.

Wata Asabar na rubuta wa ƙungiya gaskiya, na hau adaidaita zuwa Daurawa. Na same shi a ƙofar gida yana duba takardun ɗalibai.

"Injiniya, ɓatan hanya ka yi?"

Na tsuguna. "Malam, gyaranka lafiya lau yake. Zagaye ɗaya na yi, na ɗora maka laifin da ba naka ba, da na gane kuma na ɓoye. Don Allah ka yafe mini."